Koyon Sinanci Ba Malami: Abin da Ɗan Bazaga Ya Gada da Abin da Ya Rasa

Rubutun Sinawa ba baƙo ba ne a ƙasar Ƙonni ta Nijar. Yana jikin kwalin batir da na fitilar hannu, yana jikin injin ban ruwa a garakan albasa na Galmi, yana kan takardar da ke zuwa da sabon babur ɗin ɗan kabu-kabu. Wayar Tecno ko Itel da ke aljihun manomin Bazaga, kamfanin Transsion na birnin Shenzhen a ƙasar Sin ne ya ƙera ta. Kullum ido na faɗawa kan waɗannan zane-zane, amma da wuya a sami mai iya cewa ga abin da suke nufi.

Tambayar da ta dace a yi ita ce: mutumin da ke zaune a karkara, ba makarantar harsuna kusa da shi, ba malami, sai wayar hannu da sha'awa, zai iya koyon Sinanci da kansa? In zai iya, har ina zai kai, kuma me abin zai ci masa? Amsata ita ce zai iya, har ma ya gaji wasu makamai guda biyu da Bature bai gada ba. Sai dai hanyar da muka saba kwasar harsuna da ita ba za ta wadatar a nan ba.

Yadda Sin ta iso ƙofar gida

Nijar da ƙasar Sin sun ƙulla hulɗar jakadanci a 1974, zamanin Seyni Kountché. An yanke ta a 1992 lokacin da gwamnatin riƙon ƙwarya ta karkata ga Taiwan, aka sake ɗinke ta a 1996. Sanannun alamun zumuncin galibi a Yamai suke: babban filin wasa na Seyni Kountché, gada ta biyu a kan Kwara da aka buɗe a 2011, da babban asibitin ƙwararru na 2016. Man fetur ne ya fito da Sinawa daga babban birni. Kamfanin CNPC na Sin ya karɓi rijiyoyin Agadem a 2008, matatar SORAZ ta fara aiki kusa da Damagaram a ƙarshen 2011 da ƙarfin tace ganga 20,000 a rana. Daga baya aka shimfiɗa bututun mai na kusan kilomita 2,000 daga Agadem zuwa gaɓar teku a Benin, aikin da aka fara a 2019 aka ƙaddamar a 2023, ya kuma ratsa ta jihar Tawa. A Badagishiri ta gundumar Illela akwai masana'antar siminti ta kamfanin Sinawa, ba nisa da Malbaza mai tsohon tarihin siminti. Wato yau ɗan Bazaga ba sai ya je Yamai ba kafin ya ga Basine da idonsa.

Abin lura shi ne su Sinawa sun daɗe da fara koyon namu harshen. Sashen Hausa na gidan rediyon ƙasar Sin ya soma watsa shirye-shirye a 1963, kuma tun shekarun 1960 ake koyar da Hausa a manyan makarantun birnin Beijing. A Kano, a 2019, Sarki Muhammadu Sanusi II ya naɗa wani ɗan kasuwa Basine sarautar Wakilin 'Yan China. Ta ɓangarenmu kuwa hannun gajere ne. Sanannun cibiyoyin Confucius na Najeriya, masu koyar da Sinanci, suna Awka ne da Legas, nesa da ƙasar Hausa. Saboda haka mai sha'awa a Bazaga ko Tsarnawa ko Dogerawa, in bai sami tallafin karatu zuwa Sin ba, shi ne ɗalibin, shi ne kuma malamin.

Me ya sa hanyar kasuwa ba ta isa ba

Mutanen Ƙonni da Adar ba su taɓa jiran aji kafin su iya harshe ba. Ɗan cin rani ya je Abijan ya dawo da Julanci, ya je Ibadan ya dawo da Yarbanci, ya je Libiya ya dawo da Larabcin kasuwa. Sirrin wannan koyo shi ne nutso: harshen ya kewaye ka, da shi za ka sayi abinci, da shi za a zage ka, da shi za ka nemi haƙƙinka. Sinanci bai ba mu wannan dama ba. Ma'aikatan Sinawa galibi a sansaninsu suke kwana, tafinta ne ke tsakaninsu da leburori, abin da ke tsallakowa bai wuce kalmomin gaisuwa da na umarni ba. Ga shi kuma rubutunsu ba ya karantuwa ga wanda ya iya boko ko ajami, balle mutum ya tsinci kalmomi a allon shago kamar yadda ake yi da Faransanci. Dole mai koyo ya ƙirƙiro wa kansa muhallin da babu shi.

Kafin ya fara, sai ya san wane Sinancin yake nema. Wanda ake koyarwa a makarantu, ake karanta labarai da shi, shi ne Putonghua, wanda duniya ta sani da Mandarin. Mutanen Guangzhou da Hong Kong suna da nasu harshen na Kanton, wanda mai jin Mandarin ba ya fahimta in bai koya ba, kuma da shi aka yi da yawa daga cikin tsofaffin finafinan kokawa na Hong Kong da muka taso muna kallo. Rubutun ma iri biyu ne: sauƙaƙaƙƙe, wanda gwamnatin Beijing ta fara yaɗawa a 1956, da na gargajiya da ake amfani da shi a Taiwan da Hong Kong. Mai son fahimtar Sinawan da ke aiki a Nijar, Mandarin da sauƙaƙaƙƙen rubutu zai kama.

Gado na farko: kunne

Abin da ya fi tsorata Bature a Sinanci shi ne karin sauti. Gaɓa guda, in aka canza mata hawa ko saukar murya, ma'anarta ta sauya. Mandarin na da kari huɗu: mai tsayawa a sama, mai hawa, mai nutsawa ƙasa, da mai faɗowa, sai wani marar nauyi da ake faɗa a taƙaice. Gaɓar "ma" da karin farko uwa ce, da na uku doki, da na huɗu zagi.

Bahaushe bai kamata ya razana da wannan ba, domin da shi yake magana tun yana goye. Kai da ake kiran namiji da shi da kai na bisa wuya, kari ne ya raba su. Haka ma "ta zo": da wani kari labari ne cewa ta riga ta iso, da wani umarni ne cewa a bar ta ta shigo. Ba ma rubuta wannan bambanci a boko, shi ya sa da yawa daga cikinmu ba su san suna yin sa ba. Amma kunnen ya sani. Bature sai an fara shawo kansa cewa murya na ɗauke da ma'ana. Bahaushe tuna masa kawai za a yi.

Sai dai gadon bai cika ba. Hausa na da kari na sama, na ƙasa, da mai faɗowa, ba ta da mai hawa a cikin gaɓa guda. Karin Mandarin na biyu sabon abu ne ga bakinmu, kuma rarrabe shi da na uku aiki ne na watanni. Akwai kuma ɗabi'ar Hausa ta sassauko da murya kaɗan-kaɗan har ƙarshen jimla, wadda in ta biyo mutum cikin Sinanci sai ta baje masa karin kalmomin ƙarshe. Maganin abin shi ne sauraro da maimaitawa da ƙarfi, mutum ya naɗi muryarsa a waya ya gwada ta da ta ɗan ƙasa.

Tarkon haruffan boko

A 1958 Sin ta amince da Pinyin, tsarin rubuta furucin Mandarin da haruffan Rumawa. Shi ne tsanin da kowane mai koyo ke hawa, da shi kuma Sinawa da kansu ke buga rubutu a waya. Haɗarinsa ga wanda ya yi lakwal shi ne haruffan sanannu ne, amma muryarsu daban. Harafin c na Pinyin ba irin na cinya ba ne, ya fi kusa da ts mai fitar da iska. Harafin q ne ya yi kusa da namu c, shi kuma x ya yi kusa da sh. Bambancin b da p, ko d da t, ko g da k, a yawan iskar da ke fita ne. Nan Bahaushe zai sha aiki, musamman wajen raba p da f, tunda Hausa ba ta raba su ba, mu a yamma ma f ɗin kan koma h. A ɗaya gefen, wanda ya iya u na Faransanci ya riga ya mallaki wani wasalin Mandarin da ke wahalar da masu Ingilishi. Duk wanda ya haddace Pinyin da ido, bai ji shi da kunne ba, zai gina furucin da sai an rushe daga baya.

Nahawun kuwa hutu ne. Aikatau ba ya sauya siffa saboda lokaci ko mai aiki. Babu namiji da mace a sunayen abubuwa. Babu jam'i iri-iri irin na Hausa, inda doki ke zama dawaki, gida ya zama gidaje, wanda ke sa baƙo kuka. Jerin jimla mai sauƙi ɗaya ne da namu: mai aiki, aiki, abin da aka yi wa aiki. Sabon abu shi ne kalmomin awo da dole a sa tsakanin lamba da abin da ake ƙirgawa, kowane rukuni da tasa, ta littattafai daban, ta abin hawa daban. Lissafinsu kuma yana tafiya ne da dubu goma-goma, ba dubu-dubu ba. Wannan ba zai daɗe yana rikita ɗan Ƙonni ba, wanda a wuni guda yake juya dala zuwa jika, ya juya sefa zuwa naira a bakin iyakar Illela ta Sakkwato, duk a ka.

Gado na biyu: allo

Dutsen da ke tare hanya shi ne rubutu. Sinanci ba shi da abajada. Kowace gaɓa mai ma'ana da alamarta, kuma mai son karanta jarida yana buƙatar alamomi wajen 2,500 zuwa 3,500. Amma ba zane ne barkatai ba. Alamomin an gina su ne da tubala masu maimaituwa. Ƙamusun zamanin Sarki Kangxi na 1716 ya jera su ƙarƙashin jiga-jigai 214. Mafi yawan alamomin rabi biyu ne, ɗaya na nuna ɓangaren ma'ana, ɗaya na nuna kusan yadda ake furtawa. Alamar doki ita ce 马. In aka sa mata alamar mace a gefe sai ta zama 妈, wato uwa: rabin hagu ya ce batun mace ne, rabin dama ya ce furucin irin na doki ne. Wanda ya gane wannan ya daina haddar zane, ya fara haddar gini.

A nan ne tarbiyyar makarantar allo ke da rana. Yaron da ya yi allo ya san a rubuta kaɗan, a biya har ya zauna, a wanke, a ɗora sabo, sannan a riƙa komawa baya ana tishi don kada na jiya ya gudu. Manhajar Anki da masu koyon harsuna ke yabo, wadda ke dawo maka da kalma daidai lokacin da kake gab da mance ta, wannan dabarar ce aka sa wa lissafi. Su ma yaran Sin da maimaita rubutu a cikin 'yan murabba'ai suke koyo, ana bin jerin zane ɗaya bayan ɗaya. Abin da ke kayar da yawancin masu koyo a duniya rashin haƙurin tishi ne, kuma wannan haƙuri a gida muke da shi.

Ga mai Larabci akwai wata ƙofa ta daban. Musulman Sin 'yan ƙabilar Hui sun daɗe suna rubuta Sinanci da haruffan Larabci, irin ajaminmu, suna kiransa Xiao'erjing. A biranen fatauci irin Yiwu da Guangzhou, inda fataken Afirka ke sarin kaya, da yawa daga cikin masu tafintar Larabci 'yan Hui ne.

Lissafin lokaci da na aljihu

Kada a yaudari kowa da alkawarin wata uku. Makarantar horar da jami'an jakadancin Amurka ta sa Mandarin cikin harsuna mafi wuya ga mai Ingilishi, ta ƙiyasta masa awa 2,200 na aji. A awa ɗaya kullum, shekara shida ke nan. Sai dai wannan ma'aunin mai aikin jakadanci ne. Mai sha'awa yana da matakai na kusa. Jarrabawar HSK ta gwada ƙwarewa a Sinanci, a tsarinta mai hawa shida, tana neman kalma 150 a hawa na farko, 300 a na biyu, 600 a na uku, 1,200 a na huɗu, 2,500 a na biyar, 5,000 a na shida. A 2021 aka fito da sabon ma'auni mai hawa tara. Ko mutum ba zai taɓa zama jarrabawar ba, jerin kalmominta taswira ce mai kyau. Da kalma 600 ana gaisawa, a yi ciniki, a yi kwatancen hanya, a faɗi inda ke ciwo.

Kayan aikin ba su da tsada, amma a karkara kowane da ƙaidinsa. Ƙamusun Pleco yana aiki ba tare da intanet ba da zarar an sauke shi, kuma ana iya zana masa alama da yatsa ya nemo ta. Manhajoji irin HelloChinese da Duolingo suna da amfani wajen farawa, sai dai mutum kan iya shafe wata yana cin maki alhali bakinsa bai buɗe ba. Inda caji sai an kai waya wurin mai sola, kuɗin intanet kuma yana gogayya da na cefane, dabara ita ce a sauke darussan murya lokacin da aka shiga Ƙonni, a zuba a katin waya, a raba da abokai. Murya ta fi bidiyo araha, tana kuma bin mutum har gona. Shekarar manomi ma sai an yi mata tsari: rani lokacin ɗora sabon karatu ne, damina kuwa, da noma da maimai sun ɗauki ƙarfi, a tsaya ga sauraro da tishi kawai.

Babban cikas shi ne harshen bayani. Kusan duk waɗannan kaya da Ingilishi ko Faransanci suke koyarwa. Wanda bai yi nisa a lakwal ba sai ya haye gada biyu kafin ya isa. Har wanda ya yi nisa ma yana asara, domin littafin da aka rubuta don ɗan Faransa zai ɓata shafuka yana bayyana masa mene ne kari, ya kuma yi shiru kan p da f, inda Bahaushe ke buƙatar taimako.

Abin da waya ba ta bayarwa

Mai koyo shi kaɗai ba shi da mai ce masa ya yi kuskure. Kuskuren kari kuma in ya zauna a baki, cire shi ya fi koyon sabo wuya. Hanyoyin rage wannan giɓi uku ne. Na farko, a nemi abokin musaya ta intanet, Basine mai koyon Faransanci ko Hausa, a riƙa aika wa juna saƙon murya. Na biyu, a nemi 'yan Nijar da suka yi karatu a Sin ko suka yi tafinta a kamfanoni. Ko sau ɗaya a wata mutum ya karanta musu suka gyara, an rage ɓarna. Na uku, kada a yi shi a ɓoye. Fadar samari da ke zama shan shayi da dare, in mutum uku a cikinta suka ɗauki abin, an sami aji, an sami masu yi wa juna dariya, dariyar kuwa gyara ce.

Ya kamata kuma a shirya wa ranar farko da za a gwada harshen a gaban Basine. Wataƙila amsarsa ba za ta yi kama da ta cikin darasi ba, don ma'aikata daga larduna daban-daban suke, kowa da lafazinsa, kamar yadda Ba'adare da Bakano ke jin juna amma kowa da nasa bakin. Wannan ba alamar karatun ya lalace ba ne.

Don aiki ko don sha'awa?

Wani zai ce, wahalar nan duka, in ba aiki za ta kawo ba, mene ne amfaninta? Gaskiya ne mai jin Sinanci yana da daraja a wurin gini, a masana'anta, da wajen fatauci. Amma wanda ya ɗora karatunsa kacokan a kan fatan albashi ya jingina da abin da ba shi da iko a kai. Aikin bututu yana ƙarewa, sansani ya tashi. Siyasa ma juyawa take: saɓanin Nijar da Benin ya tsayar da lodin mai na wani lokaci a 2024, a watan Maris na 2025 kuma gwamnati ta umarci wasu manyan jami'an kamfanonin mai uku 'yan Sin su bar ƙasar, tana ƙorafi kan ratar albashi tsakanin baƙi da 'yan ƙasa. Karatun da ke buƙatar shekaru ba zai rayu a kan labarin da ke sauyawa duk wata ba. Sha'awa ce ke riƙe mutum ranar da babu labarin ɗaukar ma'aikata.

Wani kuma zai ce waya na fassara, to, na me? Tana yi, ta kuma isa a tambayi farashi. Amma fassararta zuwa Hausa har yanzu tana tuntuɓe, ba ta jin zolaya, ba ta jin maganar da mutum biyu suka yi da juna a gabanka lokacin ciniki. Zuwa da kai ya fi aike. Wannan ƙorafin na albashi ma darasi ne: jin harshen mutum ba goyon bayansa ba ne. Ƙasar da ke sa hannu a kwangila da Sin, garin da ake haƙa a gonakinsa, leburan da ke son sanin abin da aka rubuta a takardarsa, duk suna buƙatar nasu mutanen da ke ji da kunnensu. Muddin Sinawa ne ke jin Hausa mu ba ma jin Sinanci, ciniki zai ci gaba da zama na mai ido da makaho.

Saboda haka nauyin da ke kan 'yan farkon da suka ɗauki wannan karatu ya wuce su iya gaisuwa. Kowannensu ya buɗe littafi ya riƙa rubuta abin da ya koya da Hausa: wane kari ya yi kama da wane namu, wane harafi ke ruɗin Bahaushe, wace kalma ake buƙata a garka, a tasha, a asibiti. Waɗanda suka yi karatu a Sin su duba su gyara, gidajen rediyon karkara su ba abin minti goma a mako. Da haka wanda zai biyo baya, ko allo kaɗai ya yi, zai tashi daga Hausa ya sauka a Sinanci kai tsaye, ba sai ya biya ta Faransanci ba.